An Gaya Wa Ƙudan Zuma, Ni Ba A Gaya Mini Ba

Shafi na 19

Masu cika mini waya da "Maider ina ci gaba, Maider kin bar mu a tsaye", to ga shi nan, sai ku sarara mini. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto wai in yi haƙuri don ɗan'uwa rabin jiki ne, na gode. Amma ki bari sai an binne mahaifinki ba ki sani ba, sannan ki zo mu yi maganar haƙuri.

*

Ranar Lahadi Pantxika, matar yayana Manex, ta fitar da dogon tebur tsakar gida, gindin ɓaure. Tun da suka mai da gidanmu, Larraldea, masaukin 'yan hutu haka take yi. Baƙi su ci abincin rana tare da masu gida, su koma garinsu suna ba da labarin sun ga ƙauyawa na gaske.

Ni ma ai baƙuwa ce. Da sunan mijina Gaspard na kama ɗaki, ba su san da ni ba sai da na sauko daga mota, kuma ba halin su kore ni a gaban mutane. Ɗakin da na tashi a cikinsa suka ba ni, an manna masa lamba uku a ƙofa.

Shekara biyu ina dafa wannan ranar a raina.

Sauran baƙin wani ɗan Paris ne da matarsa. Da safe suna bakin teku rana tana gasa su, da yamma suna kan dutse suna bin dawakin daji da waya. Hancin mijin har ya fara saɓulewa. Gaspard yana gefena, ya san abin da na ƙulla, tun safe yake roƙona da ido ni kuwa na ƙi kallonsa.

Ama, mahaifiyata, ba ta sauko ba. Tun zuwana ko ci kanki ba ta ce mini ba. Tana sama, tagarta a buɗe, daidai kanmu.

An fara zuba miya ke nan sai ga ƙarar sanda a bakin ƙofa. Baba Battitta ne, maƙwabcinmu, da baƙar hularsa da rigar zuwa coci.

Manex ya ɗago kai.

"Baba Battitta, lafiya?"

"Lafiya mana. Ba ku kuka ce in zo cin abinci ba?"

"Ni na gayyace shi, Yaya," na ce. "A ƙofar coci na tare shi. Ko baƙuwa ba ta da ikon kawo baƙo?"

Pantxika ta yi murmushin nan nata na masu masauki, wanda ba ya wuce haƙora, ta jawo masa kujera. Tsohon ya zauna yana rarraba ido. Da ya gane ni na kira shi sai ya kasa kai cokali bakinsa. Na gani, kuma na ji daɗi.

Na bari aka ci miya. Na bari aka ci nama. Mai son ɗaukar fansa ba ya gaggawa.

Sai da aka kawo cukun tumaki da zuma matar ɗan Paris ta lashe cokali ta lumshe ido.

"Kai! Wannan zumar ta gidan nan ce?"

"Ta gidan nan ce," na riga Pantxika. "Mahaifina ne ya kafa amyoyin, ga su can bayan katanga. Pantxika, ba ki ba su labarin ƙudan zuman ba? Shekaranjiya na ji kina ba wasu baƙi, har suna ɗaukar muryarki a waya."

"Ai ba wani labari ba ne."

"Haba, matar yaya, kada ki yi musu rowa. Hutu suka zo."

Matar ta tafa hannu. "Don Allah a ba mu!"

Pantxika ta kalli mijinta, mijinta ya kalli faranti.

"Al'ada ce kawai," ta ce a gajarce. "In maigida ya rasu, sai a je a ƙwanƙwasa amya a gaya wa ƙudan zuma. Shi ke nan."

"Ta yanke miki, madam, bari in ƙarasa," na ce. "A nan in an yi mutuwa, masu gida ba sa taɓa komai. Ba sa dafa abinci, ba sa tatsar dabba, ba sa kiran kowa. Nasu kuka ne kawai. Maƙwabcin farko ke yin komai. Shi zai je wurin fada, wato limamin coci, shi zai ɗauki gicciye a gaban gawa, shi zai sanar da dangi na kusa da na nesa, shi zai gaya wa ƙudan zuma. Ga namu nan kusa da ke."

Ta juya wurin Baba Battitta idonta yana ƙyalli.

"Da gaske ka yi musu magana?"

Ya gyaɗa kai.

"Abin sha'awa!"

"Sosai," na ce. "To tambaye shi ko ya gaya wa 'yar mamacin."

Ba ka jin komai sai ƙudan zuma biyu da ke zagaya kwalbar zumar.

"Maider," in ji Manex a hankali, "ba a nan ba."

"A ina to? A waya, inda kake kashewa da ka ji muryata? Ko a ɗaki mai lamba uku?"

"Akwai baƙi."

"Baƙi sun zo ganin al'adunmu, to su gani har ƙarshe."

Na juya wurin matar, don na lura ita ce mai saurare.

"Kin san yadda na ji mutuwar Aita, ubana? A kasuwar Bordeaux. Ina tsaye gaban mai kifi sai wata da muka yi makaranta tare ta rungume ni tana cewa Allah ya ba ni haƙuri. Na ce haƙurin me? Ashe har furannin kabarinsa sun bushe. An gaya wa fada, an gaya wa mai kaɗa ƙararrawar coci, an gaya wa ƙwari masu fukafukai. Ni ce kaɗai ba a gaya wa ba."

Manex ya buga tebur, kofuna suka yi tsalle.

"Ƙarya kike! An kira ki! Duk ƙauyen nan an san an kira ki, kika ce ba ki da lokaci!"

"Wa ya kira ni?"

"Wa ke kira? Baba Battitta mana!"

"Madalla. Ga shi, ga ni."

Na jawo kujerata kusa da tsohon. Wannan mutumin shi ya ɗauke ni a wuya ina ƙarama ya kai ni kallon bikin ƙauye. Shi ya sa ban ɗaga masa murya ba. Amma ban tausaya masa ba ko kaɗan.

"Baba, daga coci kake. Bakinka bai daɗe da addu'a ba. Ka kira ni?"

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Baba, ka kira ni?"

"'Yata, wannan magana ta wuce."

"A wurinka ta wuce. Ni a kasuwa mata suna juya mini baya. Mai burodi ya ajiye mini canji a kan tebur don kada hannunsa ya taɓa nawa. Uwata tana sama ta ƙi kallona. Ka kira ni ko ba ka kira ni ba?"

Ya daɗe yana murza hular.

"Ban kira ki ba."

Pantxika ta dafe ƙirji. Manex ya buɗe baki ya kasa rufewa, fuskarsa ta yi fari fat. Na ce a raina, lallai Yaya ya iya wasan kwaikwayo, da ya sani da birni ya tafi ba masauki ya buɗe ba.

"Me... me kake cewa, Baba?" in ji shi.

"Kai dai bari," na ce. "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Baba, wa ya hana ka?"

"Maƙwabci ba ya fitar da maganar gida."

"Ba sai ka fitar ba. Wa ya ci riba da rashin zuwana? Wa ya sayar da tumakin Aita tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba? Wa ya mai da ɗakin tatsa wurin ajiye kekuna da allunan wasan ruwa?"

"Tumakin ba sa ciyar da kowa!" Manex ya yi tsawa. "Ke kina birni kina shan iska, ni ke tashi da asuba cikin sanyi! Ke kike zuwa da watan Agusta da tabarau, kamar su!"

Ya nuna baƙin da hannu. Ɗan Paris ya ja jiki baya, ya ce wa matarsa wai ko su tafi bakin ruwa. Ta ce masa ya yi shiru.

"Eh, kamar su," na ce. "Ka ga yau ma na biya kamar su."

Gaspard ya taɓa gwiwar hannuna. "Maider, ya isa. Kin ji abin da kika zo ji."

"Ban ma fara ba."

Na koma kan tsohon. Abin da na faɗa bayan nan don in ƙona Manex kawai na faɗe shi, ban san abin da zan tono ba.

"Aita ya koya mini ba a tsayawa a ce maigida ya rasu. Sai an gaya wa ƙudan zuma sunan sabon mai gida. Kuma ba a yi musu ƙarya, in aka yi sai su tashi su bar amya. Ko ba haka ba, Baba?"

"Haka ne."

"To ya ka ji a bakinka ranar? Da ka durƙusa ka ce, ku yi haƙuri, yanzu Manex ne naku, mai sayar da tumaki, mai sa wa ɗakuna lamba? Ba ka ji kunyarsu ba?"

Ya juya yana kallon amyoyin ta kan katanga, ƙudan zuma suna ta shige da fice abinsu.

"Ban faɗi sunansa ba," ya ce.

Manex ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Tsufa dai. Sunan wa za ka faɗa in ba nawa ba?"

"Mutane na yi wa shiru, ɗana. Shekara biyu ina yi musu shiru, Allah ya yafe mini. Amma waɗancan ba a yi musu ƙarya. Abin da mai gidan ya faɗa da bakinsa shi na gaya musu."

"Me ya faɗa?"

"Na ƙwanƙwasa sau uku, na ce maigidanku ya tafi. Yanzu gidan Larraldea na Maider ne."

Cokalin Pantxika ya faɗi ƙasa.

Ni kuwa ban san ko kuka zan yi ko dariya ba. Aita. Ashe bai manta wadda ke riƙe masa abin hayaƙi in zai ɗebi zuma ba. Ashe bai tafi yana fushi da ni ba. A gidajenmu uba ke zaɓar wanda zai riƙe gida, babba ne ko ƙarami, namiji ne ko mace, kuma ni ya zaɓa.

Na miƙe tsaye. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji, daɗi mai zafi.

"Ashe shi ya sa! Ruwa ba ya tsami banza. Ka ji ya ambaci sunana, sai ka toshe bakin tsoho, ka bar ni ina yawo da sunan wadda ta ƙi zuwa binne ubanta!"

"Wallahi ban sani ba, Maider."

"Rufe mini baki!"

"Ban taɓa jin wannan magana ba sai yau!"

"Kuma kada ka fara ce mini maganar baki ba takarda ba ce. Je ka wurin lauya, ya ba ka gaskiya. Amma gobe war haka kowa a kwarin nan ya ji. Sai mu ga wa zai gaishe ka a coci. Sai mu ga wa zai ɗauki gicciye a gabanka ranar da ka mutu."

Pantxika ta fashe da kuka. "'Ya'yanmu fa? Ina za mu kai su?"

"Ki kama musu ɗaki, matar yaya. Na ji ana samun masu kallon dutse."

"Maider!" in ji Gaspard.

Ban saurare shi ba. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma na ƙudura sai sun ɗanɗana. Na ɗaga murya yadda za ta kai taga, don ina so Ama ta ji irin ɗan da ta fifita a kaina.

"Ku zama shaida, har ku baƙi. Na rantse da kabarin Aita, wanda ya hana a kira ni sai ya bar gidan nan. Da jaka ɗaya a hannu zai fita, kuma ba zai ƙara taka wannan ƙofar ba ina raye!"

Baba Battitta ya kama bakin rigata. "Janye, 'yata. Janye rantsuwar nan."

"Ba zan janye ba."

"Ba ki san abin da kike faɗa ba."

"Na sani sarai."

Manex ya zagayo tebur ya tsaya gaban tsohon. Hawaye ne a idonsa, kuma a nan ne gabana ya ɗan faɗi, don tun muna yara ban taɓa ganin ya yi kuka ba.

"Baba, dubi Allah ka gaya mata. Na taɓa ce maka kada ka kira ta?"

"Ba ka taɓa ba."

"Ina cikin ɗakin lokacin da Aita ya faɗi sunanta?"

"Ba ka nan. Ka sauka gari sayo magani."

"To wa ke ɗakin?" na tambaya.

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Baba, wa ke ɗakin?"

Sai muka ji an rufe tagar sama.

Ba wanda ya motsa. Muna jin takunta a kan matakalar katako, a hankali, tana tsayawa tana hutawa saboda gwiwa. Muka ji ta ajiye wani abu a bayan ƙofa. Sannan ta fito cikin baƙaƙen kayanta, ta tsaya a rana tana ƙifta ido.

Karo na farko cikin shekara biyu Ama ta dube ni ido cikin ido.

"Sakar wa tsoho mara, Maider. Umarnin uwar gida ya bi."

"Ama..."

"Ni ce a ɗakin. Ni na hana shi kiranki. Ni na gaya wa yayanki an kira ki kin ƙi zuwa."

Manex ya ja da baya har ya bugi kujera. "Ama, ke? Kika bar ni shekara biyu ina tsinar ƙanwata?"

"Na bar ka da rufi a kanka."

Na nemi fushin da na zo da shi tun daga Bordeaux, na ji yana nan, amma ya rasa inda zai dosa.

"Don me?" Shi ke nan abin da ya iya fita.

"Ke kina da gida, kina da miji mai aiki, kina da wurin komawa. Shi ina zai je? Shekara arba'in bai san ko'ina ba sai kwarin nan. Shi ya ɗauki ubanku a baya zuwa banɗaki. Na san in kika zo da ransa zai faɗa a gaban kowa, kuma in ya faɗa ta zauna."

Da ransa.

Kalmar ta tsaya mini a kunne.

"Ba ce mini aka yi faɗuwa ya yi ya tafi nan take ba?"

"Ya yi kwanaki a kwance."

"Amma na kira ranar Lahadin makon da ya rasu! Ke kika ɗauka, kika ce mini yana barci!"

Ama ba ta kau da kai ba.

"Ba barci yake ba. Ya ji muryarki. Yana miƙo hannu in ba shi wayar, na fita da ita waje."

Ban san lokacin da na zauna ba. Gaspard ya riƙe ni, matar ɗan Paris tana kuka kamar uban nata ne. Duk shirun da Ama ta yi mini ina ɗauka fushi ne, ashe kasa haɗa ido da ni ta yi. Na tsane ta a wannan lokacin. Na faɗa, ku rubuto duk abin da za ku rubuto. Na tsani uwar da ta haife ni, kuma a lokaci guda ina so in ruga in faɗa jikinta.

Ta sa hannu a aljihu ta fito da babban mabuɗin gidan, na ƙarfe, wanda tun kakanni ba ya barin hannun uwar gida. Ta ajiye shi a gabana, kusa da kwalbar zuma.

"Naki ne. Ubanki ya faɗa, an gaya wa ƙudan zuma, ni ce kaɗai na tsaya a hanya."

"Ama, ki koma sama," in ji Manex.

"Na ji rantsuwarta daga taga, da kabarin ubanta ta yi. A gidan nan ba a taɓa karya irin wannan rantsuwar ba."

Ta nuna ƙofar da ta fito. A bayanta, ga wata tsohuwar jakar fata a tsaye, wadda ta shigo da ita gidan nan ranar aurenta.

"Jaka ɗaya kika ce. Ga ta can na haɗa."

Ta gyara ɗankwalinta, ta haɗe hannuwa a gaba kamar mai jiran mota.

"Sai ki faɗa mini, uwar gida. Yanzu zan tafi, ko kin bar ni in kwana?"